Mun Rasa Aulis

Turku, 22 ga Nuwamba, 1970

Zuwa ga Beryl Stathers,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya ke da iyalinki. Mu nan lafiya, sai sanyi da ya fara shiga, sai kuma abin da ya sa na neme ki.

Ba ki san ni ba. Sunana Raili Honkanen. Kakata Hilja da kakarki Saima uwa ɗaya uba ɗaya suke. Saima ce ta tashi za ta Amurka, jirgin ruwa ya sauke ta a Hull don ta canza wani, ta ga wani mai ɗinkin raga a bakin tasha, shi ke nan Amurka ba ta gan ta ba. A gidanmu har gobe in aka aiki mutum ya daɗe, sai a ce ya yi tafiyar Saima.

Ni ba na jin Turanci. Ina faɗa ne, Impi mai sayar da furanni kusa da rumfata tana rubutawa, don ta zauna a Kanada. In kin ga magana ta karkace laifinta ne. Ta ce a rubuta cewa laifina ne.

Mijina Aulis kuku ne a jirgin ruwa mai dakon katako. Makon jiya suna tsaye a tasharku ya faɗi a gaban murhu. An ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da baki. Jirgi ya dawo ya bar shi a asibiti a garinku. Likita ya ce ba zai iya tafiya ba sai bazara. Ba ya jin Turanci sai na zagi da na sayen taba, yanzu kuma ko namu harshen ba ya fita.

Da zan iya zuwa da ban dame ki ba. Mahaifiyata tana kwance a gida, ta haura tamanin, ni ke ɗaga ta ni ke kwantar da ita. Rumfar kofi nake da ita a dandalin kasuwa, da ita muke ci.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki je ki duba shi ko sau ɗaya, ki gaya mini gaskiyar abin da idonki ya gani. Dogo ne, mai sanƙo, fuskarsa kamar an hana shi gado, amma ba fushi ba ne, haka Allah ya yi shi. Yana son kofi baƙi. Ba ya son a tausaya masa.

An ce zumunci a ƙafa yake. Tawa ƙafar a ɗaure take, shi ya sa na aiko takarda.

'Yar'uwarki,
Raili


Hull, 6 ga Disamba

Ƙanwata Raili,

Na ce ƙanwata don na yi lissafi na ga na girme ki, kada ki yi mini musu. Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ki ce wa Impi Turancinta ya fi na rabin mutanen da ke shigowa mashayata. Ni lafiya ƙalau, sai gwiwa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar da takardarki ta zo na je. Na same shi a gadon ƙarshe, ya juya fuska bango, an ajiye masa shayi da madara ya huce. Na tsaya a kansa. Cikin harshenku kalma uku kawai kakata ta bar mini: na gode, kofi, da wata da take faɗa in ta ƙone hannu. Na faɗi ta farko, bai motsa ba. Na faɗi ta biyu, ya ɗan juyo. Da na faɗi ta uku, Raili, sai mutumin nan ya fashe da dariya da rabin baki har nas ta leƙo. Ban san me na ce ba, kada kuma ki gaya mini.

Ga gaskiyar da kika nema. Hankalinsa garau yake. Ƙafar tana ja amma yana takawa da sanda. Hannun dama bai dawo ba. Magana in ya nema sai ta tsaya masa a maƙogwaro, ya yi ta buga cinya don haushi.

Sun ce za su kai shi gidan jinyar tsofaffin ma'aikatan jirgi, can bayan gari, har bazara. Na je na ga wurin. Tsaf yake, babu laifi, amma shiru ne kamar coci ranar Litinin. Na ce a'a, ɗan'uwa ne, ku ba ni shi. Yanzu yana ɗakin ɗana da ya yi aure, a saman mashaya.

Kada ki ce za ki gode. Mijina Eric masunci ne a manyan jirage, shekara goma sha biyar ke nan jirginsu ya nufi arewa bai dawo ba. A unguwar nan ta Hessle Road babu layin da ba shi da mace irina. Mutumin da teku ta maido, ko rabinsa ne, ba ma barin shi a hannun baƙi.

Mashayar sunanta Farar Fitila. Ranar da ya fara saukowa, tsofaffin da ke zama kusa da wuta suka juyo suna kallonsa. Wilf, wanda ya shekara talatin a kujera ɗaya, ya ce, "Beryl, wannan fa? Sabon miji kika yo oda daga waje?"

Na ce, "Eh, na gaji da na gida, duk sun ruɓe."

Arnold Dogo ya ce, "Yana magana kuwa?"

Na ce, "Ba ya yi."

Ya ce, "To ya zo nan ya zauna. Shekara nawa muna neman wanda zai saurari Wilf."

Yanzu shi ne na huɗu a teburin karta. Arnold ya sassaƙa masa wani katako mai tsaga da yake jera kartarsa a kai. Yana cinye su, kuma ba ya ko murmushi, abin da ya fi ƙona musu rai ke nan. Giya likita ya hana, ni ma na hana, kofi yake sha. Nawa kofin in ya kurɓa sai ya rufe ido kamar mai shan magani.

Yayarki,
Beryl


Turku, 16 ga Disamba

Yaya Beryl,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwar fa? Mama na nan yadda take, bakinta dai lafiya lau. Ƙanƙara ta rufe kogi, da safe sai na fasa ta bakin bokiti kafin in ɗora ruwa.

Kin ce kada in gode. To ban gode ba. Impi ta karanta mini takardarki a bayan rumfa, na juya ina goge kofunan da na riga na goge. Ta ce, "Kuka kike?" Na ce tururi ne. Kalmar nan ta uku kuwa na gane ta, ta gidanmu ce, Mama ma ita take faɗa. Ba zan gaya miki ba.

Ga ƙunshi nan: baƙin burodi guda biyu, kofi na gaske, safa ta ulu ga Aulis, da safar gwiwa gare ki. Cokali ɗaya mai tudu ga kowane kofi, ki bar shi ya tafasa sau ɗaya ki sauke. Burodin in ya yi tauri ba lalacewa ya yi ba.

Ki bar shi ya shiga kicin. Mutumin da ya shekara talatin yana ciyar da mutane, in aka ce ya zauna a ba shi, ciwon ya zama biyu. Ki ba shi kifi da dankali da albasa da madara, ki tsaya ki yanka masa, ki ga abin da zai yi.

Ki gaya masa na rufe kwalekwalensa da tamfol kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Ki ce masa gefen gadonsa da sanyi. A'a, wannan kada ki faɗa, zai ji kunya a gaban abokan kartarsa.

Barka da Kirsimeti gare ku duka, har da Wilf.

Raili


Hull, 18 ga Janairu

Raili, mun rasa Aulis jiya da safe. Duk unguwa ta tsaya mana. Ki yi haƙuri, ki ƙarfafa zuciya. Zan rubuto miki komai gobe.

Beryl


Turku, 14 ga Fabrairu

Yaya Beryl,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni ma ga ni nan. Mama lafiya.

Katinki ya same ni a kasuwa. Impi ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau ta riƙe mini hannu. Ban tambaye ta komai ba. Na kashe murhu, na naɗe rumfa da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba tun da na gaji wurin.

Na jira takardar da kika ce za ki rubuto. Ba ta zo ba. Daga baya muka ji a rediyo cewa ma'aikatan gidan waya na ƙasarku sun shiga yajin aiki. Mun je a haɗa mu da tarho, aka ce babu mai haɗawa a can. Ofishin jirginsu suka ce za su bincika, suka yi mini ta'aziyya. Wannan takardar Ensio zai kawo miki da hannunsa, abokin aikin Aulis ne, jirginsu zai tashi jibi.

Fasto ya ce ba za a yi jana'iza babu gawa babu shaida ba, amma ya yi addu'a ya ambaci sunansa ranar Lahadi. 'Yan kasuwa suka ce wannan bai isa ba. Ranar Asabar bayan an tashi, suka haɗa tebura a tsakiyar dandali, cikin sanyin nan. Mai gasa burodi ya kawo burodin kirfa, ni na dafa kofi. Har direbobin bas suka zo, da ɗan sandan da ke tsaron dandalin.

Akwai Tauno mai kifi. Shi da Aulis tun suna makaranta ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, daga siyasa har yadda ake sa wa kifi gishiri. Shi ya miƙe ya cire hula. Ya ce, "Aulis Honkanen mutum ne. Miyar kifinsa ta fi ta uwata. Ban taɓa gaya masa ba, don kada kansa ya kumbura." Sai ya zauna. A garin nan wannan doguwar huɗuba ce.

Na ba Tauno babbar rigar sanyin Aulis. Kwalekwalen na ba ɗan maƙwabcinmu. Ba na son in riƙa ganinsu.

Mama kaɗai ta ƙi yarda ya mutu. Ta ce, "Mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, shi zai riga ni? Ku dai sha kofinku." Na ƙyale ta, tsufa ne.

Yaya, ba don in ɗora miki nauyi na rubuto ba. So nake ki sani ban riƙe ki da komai ba. Da ba ke ba, da ya tafi yana kallon bango. Kin ba shi ɗaki da wuta da abokai, ya yi dariya a ƙasar da ba tasa ba. Wannan alherin ko jikokina sai sun ji labarinsa.

Abu uku nake son sani. Ya sha wahala? Akwai wani a kusa da shi? A ina kuka sa shi? Impi ta ɗaure furanni da reshen itacen gida, Ensio zai kawo. Ki ajiye masa a kai, ki faɗi kalmar nan ta farko da kakarki ta bar miki. Daga gare ni.

Ƙanwarki,
Raili


Hull, 22 ga Fabrairu

Raili, Raili, ƙanwata,

Yana raye! Na san saƙon rediyon jirgin Ensio ya riga wannan isa, amma sai na rubuta da hannuna, Ensio ya kawo miki. Aulis yana raye, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana ƙasa yana yi wa Wilf wulaƙanci a karta. Gaisuwa ta biyo baya: ina gaishe ki, ina gaishe da Mama, wadda ta fi mu duka hankali.

Ɓata ya yi, ɓata! Ni da na san ɗacin kalmar "mun rasa" fiye da kowa, ni na rubuta ta ban duba ba. Ki yafe mini. Tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga.

Ga yadda aka yi. Ranar ina goge dandamali da safe, ya sa rigar sanyi ya fita. Na zaci bakin layi ya je shan iska. Rana ta yi, babu shi. Muka duba tasha, muka duba asibiti, muka gaya wa 'yan sanda. Mutum ba baki, ga sanyi, ga ruwa ta kowane gefe. Washegari ina tsaye a gidan waya ana ta maganar yajin aiki, na ce matarsa tana da haƙƙin ta sani, na rubuta katin nan a tsaye.

Ba ki ga unguwar nan ba. Matan da ke gyaran kifi suka bar aiki suka raba layuka. Mai sayar da soyayyen kifi ya rufe shago. Wilf, da ba ya tashi daga kujera sai in za a share ƙarƙashinta, ya bi mashaya bayan mashaya yana tambaya, kuma ya rantse bai sha komai ba sai a uku daga ciki.

Ashe bas ya hau ya ƙetare kogi, can tashar gabas inda jiragen katako ke tsayawa. Jirgin ruwa daga ƙasarku ya je nema, ya ji harshen gida. Bai samu ba, hanyar dawowa kuma ta ɓace masa, sunan layinmu ya ƙi fita. Ya shiga wani ɗan gidan abinci na wani mutumin Kubrus, Pavlos, ya zauna yana rawar ɗari. Pavlos ya ba shi shayi, ya tambaye shi da harshe uku, shiru. Sai ya ɗauka ma'aikacin jirgi ne da ya gudo, ya ce shi ba zai miƙa baƙo ga hukuma ba. Ya shimfiɗa masa a ɗakin 'ya'yansa.

Da gari ya waye mijinki ya leƙa tukunyar matar Pavlos, ya ɗanɗana, ya girgiza kai. Kin san shi. Ya nuna kifi, ya nuna madara. Matar ta ce, "Madara a miyar kifi? Wannan ba bebe ba ne, mahaukaci ne." Amma ta yanka masa.

Kwana biyu da ɓatansa Arnold Dogo ya bi ta layin, ƙafa ta gaji, ya shiga ya ce a ba shi abin da ke akwai. Aka kawo masa farar miya. Tun Kirsimeti ita muke sha duk Juma'a, kamar yadda kika ce in bar shi ya yi. Arnold ya kai cokali ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Ina wanda ya dafa wannan?"

Pavlos ya ce, "Matata."

Arnold ya ce, "In matarka doguwa ce mai sanƙo, fito da ita, ana nemanta a gida."

Da yammar nan na rubuta miki shafi huɗu na jefa a akwati. Aka ce mini za a kwashe na ƙarshe kafin a rufe. Ashe tana nan ciki har yau. Ni kuwa hankalina kwance, ina cewa Raili ta ji komai, shirun yajin aiki ne.

Sai jiya da rana ga Ensio, da baƙin laktaye a wuya, da furanni a rungume. Ya tsaya a gaban kanta ya cire hula, ya miƙo mini takardarki. Kafin in buɗe ya waiga wajen wuta. Furannin suka faɗi. Ya yi fari fat kamar madarar miyar. Aulis ya ɗago daga kartarsa, ya dube shi, ya buɗe baki ya ce, "Ensio." Sarai, ba gargada. Sunan mutum na farko da ya fita bakinsa ke nan.

Da Ensio ya gaya masa an sha kofin mutuwarsa a dandali, ya fita ta ƙofar baya ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja. Ya kama hannuna ya nuna takarda, wai in rubuto. Na ce me zan ce? Ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Raili." Ya buga ƙirjinsa. Ban ƙara komai a kai ba, haka ya faɗa.

Furannin suna kan kanta cikin tulun giya. Wilf ya ce bai taɓa ganin mamacin da ya ci shi wasa uku a jere ba.

Yayarki mai kunya,
Beryl


Turku, 7 ga Maris

Yaya Beryl,

Gaisuwa, da fatan kin koma cin abinci. In ba ki koma ba ki koma, umarni ne daga Mama. Muna lafiya. Ni dai ban san irin lafiyar da zan kira wannan ba.

Wani ma'aikacin tasha ne ya zo rumfata da 'yar takarda. Na zaci kofi yake so. Ya karanta: "Aulis na raye. Yana karta. Ensio." Na ce masa wasan banza ne wannan, ya bar gabana. Ya sake karantawa. Sai na zauna a kan akwatin kofuna. Impi ta yi wata ƙara da ta tashi tantabarun dandalin gaba ɗaya. Ta ce ita ta kashe shi da Turancinta. Na ce ku biyu kuka haɗu kuka kashe shi, ku biyu za ku raba zunubin, ni ba ni da lokacin fushi.

Babu abin yafewa, Yaya. Wata guda na yi ina takaba, na ga yadda gidan zai zama, sannan aka ce mini ba yanzu ba. Mata nawa a layinku za su ba da komai don a yi musu irin wannan kuskuren? Ke kin sani.

Mama da na gaya mata ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To. A rufe taga."

Tauno ya zo da rigar a naɗe, ya ajiye a kan teburina. Ya ce, "Abin da na faɗa ranar nan, a kan mamaci na faɗa. Kada ya ji." Na ce mutum ɗari suka ji. Ya ce to shi zai musa. Kwalekwalen ma an dawo da shi, har an yi masa sabon fenti.

Ki gaishe mini da Arnold da Wilf, da matan da suka bar aikinsu. Pavlos da matarsa kuwa ki je takanas ki riƙe musu hannu a madadina. Ba su san sunansa ba suka kwantar da shi cikin 'ya'yansu.

Raili


Turku, 16 ga Mayu

Yaya Beryl,

Ina gaishe ki da dukan mutanen Farar Fitila. Ya iso lafiya ranar Talata. Mama lafiya, ni lafiya, ƙanƙara ta narke, an fara kawo sabon ganye kasuwa.

Na je tasha da rigar coci. Ya sauko a hankali, Ensio na riƙe da jakarsa, a kansa wata hula da ban sani ba, ashe Wilf ne ya ba shi. Ya yi ƙiba. Me kuke ba mutane a ƙasar nan? Muka tsaya muna kallon juna. Na ce, "Ka dawo." Ya ce, "Eh." Sai ya ɗora hannun hagu a kaina, a gaban mutane, ya bar shi a nan.

Kyautarki ta iso, butar shayin ba ta fashe ba. Katakon kartarsa ma ya zo da shi. Hoton da kuka ɗauka a ƙofar mashaya yana kan bango kusa da na kaka Hilja. Yanzu na ga fuskarki. Hancin gidanmu ne, Allah ya ba ki haƙuri.

Ya ƙi zaman gida. Washegari ya biyo ni kasuwa. Mutanen da suka sha kofin mutuwarsa suka yi layi suna ba shi hannu, kowa na kallon ƙasa. Teku kam ya gama da ita, ya sani, na sani, ba mu yi maganar ba. Na sa masa kujera a bayan tebur. Ni ke zubawa, shi ke miƙawa.

Maganar tana dawowa kaɗan kaɗan, amma a cakuɗe. Rabi namu, rabi naku, don a bakin mutanenki ya sake koyo. Akwai wata gajeriyar kalma da yake liƙawa a ƙarshen komai. Ya miƙa kofi ya faɗe ta, ya karɓi kofin ya faɗe ta. Na ga Impi tana toshe baki da gyale tana shiga bayan furanninta. Na bi ta na ce me yake cewa? Ta ce a garinku haka ake kiran kowa, mai sayen giya da mai ɗaukar shara, babba da yaro. Na ce na ji, me take nufi? Ta ce, "Masoyi."

Yaya, kin san mutanenmu kuwa? Nan mutum sai ya yi shekara yana sayen kofi a wurinki bai tambayi sunanki ba. Jiya ɗan sandan dandali ya zo, ƙato, da gashin baki. Aulis ya miƙa masa kofi ya ce, "Ga shi, masoyi." Bawan Allah ya ce na gode, bai san an yi masa komai ba. Tauno an gaya masa ma'anar, yanzu in zai sha kofi sai ya aiko matarsa.

Shekara talatin da ɗaya muna tare, mutumin nan bai taɓa ce mini haka ba, da kowane harshe. Ba don babu ba, mu dai ba ma faɗa. Yau da safe na ɗaura masa igiyar takalmi, ya dubi tsakiyar kaina ya faɗe ta. Na sani ya faɗa wa ɗan sanda, ya faɗa wa mai kawo madara, ya faɗa wa karen Impi. Ban damu ba. Tawa na ɗauka, kuma ban gaya masa na san ma'anarta ba, kada ya daina.

Ki zo a watan Yuli, lokacin da rana ba ta son faɗuwa. Mama ta ce tana son ta ga jikar Saima da idonta, kuma ta ce ki yi sauri, ita ba Aulis ba ce, in ta tafi ba za ta dawo ba.

Ƙanwarki har kullum,
Raili